Digar Malam Lirwanu

An yi wani mutum a wani gari, da daɗewa, ana ce masa Malam Lirwanu. Ba shi da dukiya, ba shi da sarauta. Abin da yake da shi diga ce da shebur, da 'ya'ya maza biyu. Duk wanda ya rasu a garin, shi ke haƙa masa kabari, kuma bai taɓa karɓar ladan kowa ba.

Babban ɗansa, Badamasi, yana kwalejin horon malamai aka fara yaƙi. Ya ajiye littattafansa ya shiga soja. Yaro mai fara'a, in ya zo hutu sai ya tara yaran unguwa a zaure yana koya musu karatu, ƙaninsa Tukur na manne da shi. Damina ba ta zagayo ba labari ya iso: Badamasi ya rasu a fagen daga, an binne shi can. Ku saurara da kyau. Mutumin da ya haƙa wa gari duka kabari, bai san inda nasa ɗan yake kwance ba.

Malam Lirwanu ya yi haƙuri. Tukur kuwa abin ya tsaya masa a rai. Kullum tambayarsa ɗaya ce: "Baba, ina ne kabarin Yaya?"

Ran nan aka tsinci gawar wani baƙo a rumfar tasha, da yagaggen kakin soja da carbi a wuya. Direbobi suka ce gudowa ya yi daga yaƙi, ciwo ya kayar da shi a hanya. Mutane suka ja baya, kowa na cewa matsoraci ne.

Malam Lirwanu ya je ya auna tsawon gawar da kara, kamar yadda aka saba, ya dawo gida ɗaukar diga. Babu diga. Ya duba zaure, ya duba bayan ɗaki. Sai ya ga Tukur zaune a gindin rumbu, ya haɗe rai.

"Auta, ina digata?"

"Na ɓoye ta. Irinsu ne suka gudu suka bar Yaya."

Uban bai yi masa tsawa ba. Ya tsuguna kusa da shi. Kun san ɗan fari, uba ba ya kiran sunansa, to ko a ranar bai kira ba.

"Ranar da yayanka ya faɗi, wa ya haƙa masa?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba. Wani ne dai ya sunkuya ya haƙa, bai san uwarsa ba, bai san ubansa ba, bai tsaya bincike ba. Wannan ma yana da uba can wani gari, yana duban hanya. In ka hana ni diga, da hannu zan tona. Sai dai za mu daɗe, ga rana tana yi."

Ya ɗauki karansa ya fita. Bai kai bakin maƙabarta ba ya ji takun ƙafa a bayansa. Tukur ne, diga ta fi shi tsawo, yana jan ta a ƙasa. Uban ya haƙa, ɗan ya kwashe ƙasa. Da mutane suka gan su, kunya ta kama su, suka zo aka yi wa baƙo wanka da salla. Da aka rufe, Malam Lirwanu ya miƙa wa Tukur buta ya ce, "Yayyafa ruwan, ka yi musu addu'a su biyun, shi da yayanka."

'Yan'uwa, alheri ba ya tambayar wane ne ya cancanta. 'Ya'yanmu suna garuruwan da hannunmu ba ya kaiwa, a makaranta, a bariki, a kasuwa, kuma mutanen da ba mu sani ba ne ke kula da su. Don haka ɗan wani da ya faɗi a ƙofarka, ka ɗauke shi kamar naka.

Tukur bai ƙara tambayar kabarin yayansa ba. Ya gane cewa wani ya yi wa Badamasi abin da su suka yi wa baƙon nan.