Kiran da Sirajo Ya Kashe a Bakin Matakala

Akwai wani ɗalibi mai suna Sirajo da ke karatun digirin digirgir kan zanen gine-gine a Kuala Lumpur. Ƙwaƙwalwa kam Allah Ya ba shi, amma wajen kiran gida sai a hankali. Uzurinsa kullum ɗaya ne: awa bakwai ke tsakaninsa da Kano.

Mahaifiyarsa Iya ta kira yana aji, ya kashe. Ta kira yana shan shayi a mamak, wato gidan abincin gefen titi, da abokin zamansa Fatihu, ya kife wayar.

"Haba Malam, Iya ce fa."

"Anjima lah. In ta fara gaisuwa sai shayin nan ya huce."

Da sanyi ya shigo, malaminsu ya kai su Turai ganin wani tsohon coci mai tsinin hasumiya. Sirajo ya saki baki. Rufi ya yi sama kamar ba hannu ne ya ɗora shi ba, ko'ina ruwan zinare. A ƙarƙashin ginin kuma akwai ramuka da aka jera ƙasusuwan mutanen zamanin da.

Yana bakin matakalar sauka wayarsa ta yi ƙara. Iya ce. Ɗan jagora na ɗaga hannu a yi sauri. Ya danna ja, ya bi layi.

Awa biyu ya yi a ƙasa, babu sabis, yana ta ɗaukar hoton ƙoƙon kan mutanen da ko sunansu ba a sani ba.

Yana fitowa saƙonni suka yi ta faɗowa. Na ƙarshe daga ƙanwarsa Walida: "Yaya, Iya ta cika. Bayan La'asar za a kai ta."

Innalillahi. Wane jirgi ne zai kai shi Kano kafin La'asar? A dakalin cocin ya zauna har aka rufe Iya a Kano.

Akwai saƙon murya guda daga Iya da ya kasa buɗewa, sai da ya koma ɗakinsa na unguwar Taman Melati a Kuala Lumpur. Muryar a dashe take, numfashi na sarƙewa.

"Sirajo, an ce garin da ka je lokacinmu ɗaya da ku. Na ce to, yau dai zan same ka. Ba komai, muryarka kawai nake son ji. Allah Ya yi albarka."

Wallahi ko ni da nake rubutawa sai da na ajiye waya.

Fatihu kan yi masa tapau, wato ƙunshin abinci, ya ajiye a bakin ƙofa, abincin ya wuni a nan. Wayar Sirajo cike take da hotunan ƙasusuwan baƙi, amma kabarin Iya, sai dai in ya je a nuna masa.

Darasi: Gini zai jira ka shekara ɗari, uwa ba za ta jira ba. In taka tana raye, kira ta yanzu, sannan ka tura wa wanda ka san yana cewa "anjima".