Shafin da Ya Ce Babu Kowa

A ofishinmu akwai wani mai rubuta manhaja da muke kira Walƙiya. Ban taɓa ganin yatsu irin nasa ba. Aikin da wani zai kwana uku a kai, shi kafin shayinsa ya huce ya gama. Aibinsa ɗaya ne, ba ya iya jira. Ni ce mai gwada duk abin da aka rubuta kafin a sake shi, don haka kullum muna cikin sa-in-sa. Ya laƙaba mini Hawainiya, ni kuwa ko a jikina.

Wata ƙungiyar masu ba da jini kyauta ta kawo mana aikin shafin intanet. Ma'aikaciyar asibiti za ta zaɓi rukunin jinin da take nema da unguwar da take, shafin ya jero mata sunaye da lambobin wayar waɗanda suka yi rajista. Aka damƙa wa Walƙiya.

Ga yadda abin yake, kuma har gobe yana ba ni mamaki. Sunayen nan ba a cikin kwamfutar asibitin suke ba. Burauza, wato manhajar da ke buɗe shafin, aike take yi zuwa wata kwamfuta mai nisa da muke kira saba, wataƙila ma a bayan teku. Kuma ba ta tsayawa jiran amsa, sai ta wuce layi na gaba. Layi na gaba shi ne lup, wato umarnin da ke bin bayanan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko sunan kowa da lambarsa ya rubuta a allo. In lup ya tashi kafin bayanan su iso, kwando ne zai leƙa ya ga wayam, ya kama gabansa ba tare da ƙorafi ba.

Maganin wannan sananne ne. Sai a ɗaure lup ɗin da isowar bayanan, kada ya motsa sai sun zo hannu. Amma yin hakan na bukatar a warware wasu sassa uku a sake ɗinke su, aikin yini guda. Walƙiya ya yi tsaki, ya sa wa shafin agogo: jira daƙiƙa biyu, sannan ka zagaya.

Da na gani na ce, "Malam Walƙiya, in amsar ta wuce daƙiƙa biyu fa?"

Ya yi dariya. "Haba Hawainiya! Rabin daƙiƙa take yi. Har kyautar ɗaya da rabi na ba ta. Gwada ki gani."

Na gwada sau ashirin, sau ashirin sunaye suka fito reras. A kan netwok ɗin ofis na gwada, wanda ke gudu kamar ruwan famfo. Na sa hannu. Wannan laifina ne, ba zan ɓoye ba.

Bayan wata uku, wata Talata da hantsi, wayarsa ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce. Yayarsa ta haihu a wani ƙaramin asibiti da ke gefen gari, jini ya ɓalle mata, kuma rukunin jininta irin mai wuyar samun nan ne. Na karɓi makullin motarsa, na ja mu zuwa asibitin.

Mun tarar da mahaifiyarsa a kan benci, rungume da jaririn. Ta ce, "Ɗan nan, sun ce babu. Ba kai ka yi musu abin neman ba?"

Ma'aikaciyar jinya ta juyo mana da kwamfutarta. "Sau huɗu na duba shafin. Ga shi, ba a samu kowa ba. Mun aika babban asibiti, amma zuwa da dawowa awa biyu ne, likita kuma ya ce ba ta da awa biyu."

Walƙiya ya ce, "Ƙarya ne! Mutum goma sha huɗu ne a wannan yankin, da idona na gani."

Ya ja kujera, ya buɗe ƙaramar tagar da ke ƙasan burauza, inda ake ganin shige da ficen saƙonni. Ya sake latsa nema. Sabis ɗin wurin sanda ɗaya ne, yana zuwa yana ɗaukewa. Muka zuba ido. Ɗaya, biyu, lup ya tashi, ya leƙa, ya rubuta a allo: ba a samu kowa ba. Uku. Huɗu. Biyar. A ta shida sai ga amsar ta faɗo cikin tagar.

Sunaye goma sha huɗu, kowanne da lambarsa. Sun keto ƙasa da ruwa, sun bi ta hasumiyar sadarwar da ke bayan asibitin, sun iso lafiya lau ba harafi ɗaya da ya ɓace. Amma wanda zai karanta su ya riga ya tashi daƙiƙa huɗu da suka wuce.

"Innalillahi," in ji Walƙiya. "Ni ne."

Na ce, "Ba lokacin wannan ba ne. Karanto!"

Yana karantowa, ni da ma'aikaciyar muna bugawa. Na farko ya yi tafiya. Na biyu bai ɗauka ba. Na uku wani mai walda ne, layi biyu tsakaninsa da asibitin. Ko minti goma ba a yi ba sai ga shi a guje, tabarau ɗin walda na bisa goshinsa, yana naɗe hannun riga yana cewa, "Ina ne? A ɗiba!" Wata tela ta biyo bayansa da zare maƙale a mayafi. Ikon Allah! Ashe duk tsawon lokacin nan ceton yana bayan katanga.

Yayar ta rayu. Da la'asar ta buɗe ido ta nemi jaririnta.

Washegari Walƙiya ya zauna ya yi aikin yini gudan nan. Ya cire agogon, ya sa lup ya jira isowar bayanai komai daɗewa. Ya kuma koya wa shafin ya bambanta abu uku: ana kan nema, netwok ya yanke, da kuma babu kowa. Ni ma na gwada shi a kan sabis mafi muni da na iya samu.

Daga nan ya buɗe rajistar saba, inda take rubuta kowace tambaya da lokacin da amsarta ta ɗauka. Ya ƙirga waɗanda suka wuce daƙiƙa biyu a wata ukun nan. Arba'in da ɗaya ne. Ya bi asibitocin da waya ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar abin da ya faru da kowane majinyaci. Wasu sun samu jini ta wata hanya. Wasu ma'aikatan ba su tuna ba. Ina zaune kusa da shi lokacin da wata ma'aikaciya ta ce masa, "Wannan baiwar Allah ai mun rasa ta. Shafin ya ce babu kowa."

Tun daga ranar bai sake kirana Hawainiya ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada ka yanke hukunci kafin amsa ta iso, kuma kada ka auna wa mutane lokaci da saurin da kai kake da shi. Abin da bai zo ba tukuna daban yake da abin da babu shi. Kai mai rubuta manhaja, da ke mai gwadawa, ku tuna cewa a ƙarshen kowane layi akwai mutumin da ba ku sani ba, wanda zai gaskata duk abin da allo ya faɗa masa. Ku yi aikin yadda ya kamata ko da zai ci yini guda.