Mai Haƙar Rijiya da Maƙwabcinsa

Akwai wani mutum mai haƙar rijiya, yana zaune a wani ƙauye a gindin dutse, shi da matarsa da 'yarsu Laraba. Ƙaƙƙarfan mutum ne, mai faɗin ƙirji. Yakan shiga rami da hantsi, ba ya fitowa sai rana ta take, yana saran ƙasa yana waƙa, na sama suna jin muryarsa. Yana kuwa da maƙwabci manomi, wanda in rani ya yi shi ne mai riƙe masa igiya, yana jawo kwandon ƙasa yana zubarwa.

A wata shekara tsohuwar rijiyar ƙauyen ta rufta. Mata suka koma tafiya wata ƙorama mai nisa, suna tonon yashi kafin su sami abin cika tulu. Dattawa suka roƙi mutumin ya haƙa musu sabuwa. Ya fara, ya wuce jar ƙasa, ya kai marmara.

Ana cikin haka sai wata cuta ta shigo ƙasar, mai zazzaɓi da tari da ciwon jiki. Ta bi gida gida. Wasu ta tafi da su, amma yawancin mutane suka tashi. Mai haƙar rijiya ma ya kwanta. Bayan 'yan makonni zazzaɓin ya sauka, tarin ya lafa, ya fito ƙofar gida. Mutane suka zo yi masa barka, suna cewa, “Mun gode Allah, ka warke.” Shi ma ya gode wa Allah, gama ya ɗauka ya warke ɗin.

Amma ƙarfinsa bai dawo ba. In ya taka daga ɗaki zuwa rumbu, sai ya dafa bango yana haki. Yana zaune ba abin da ya yi, sai zuciyarsa ta kama bugawa da sauri. Yakan fara magana ya manta inda ya nufa. Miyar da ya fi so, in matarsa ta dafa, a bakinsa kamar ruwan banza. Ran da ya ji dama-dama ya ɗauki gatari ya faskara itace, washegari ko kansa bai iya ɗagawa daga tabarma ba. Duk da haka, a ido ba abin da ya nuna. Bai rame ƙwarai ba, jikinsa ba zafi, ba ƙurji, ba kumburi.

Waɗanda suka kwanta tare da shi duk suka koma ayyukansu. Ramin kuwa yana nan a rufe da ƙaya, mata suna wuce shi da tuluna a kā. Sai magana ta fara yawo. Wani ya ce, “Ai ni ma na yi ciwon nan, ga ni ina aiki.” Wani ya ce, “Daɗin kwanciya ya ji.” Matarsa tana jin irin waɗannan a bakin ƙorama, ta dawo gida ba ta faɗa masa ba, amma yana gani a fuskarta.

Wata safiya maƙwabcin ya shigo da igiya a kafaɗa. Ba da mugun nufi ya zo ba, ƙaunarsa yake yi. Ya ce, “Baban Laraba, kwanciyar nan ce take ƙara kashe maka jiki. Ka daure ka fito. Da ka yi gumi sau ɗaya za ka ware.”

Matar ta ce, “Maigida, kada ka je. Ni ce nake jin yadda kake numfashi.”

Shi kuwa ya ce, “Kunya ta ishe ni. Kullum ina zaune ina kallonki kina shigowa da tulu.” Ya tashi ya ɗauki digarsa.

Suka janye ƙayar, ya ɗaura igiya a kugu kamar yadda ya saba, aka zura shi. Maƙwabcin ya ji saran diga kaɗan, ba waƙa. Daga nan sai shiru. Ya leƙa ya kira, “Baban Laraba!” Ba amsa. Ya sāke kira, muryarsa ce kawai ta dawo masa. Sai ya ƙwala ihu. Maza suka sheƙo daga gidaje suka kama igiya, suka jawo shi, kansa a langaɓe, idanunsa a rufe. Matarsa ta iso da gudu, ta juye masa ruwan da ta ɗebo tun da sassafe. Aka yi ta yi masa fifita, can ya ja numfashi ya buɗe ido.

Da aka kai shi gida mutane suka watse, maƙwabcin ya zauna a ƙasa kusa da tabarmarsa. Ya ce, “Ɗan'uwa, ni na sa ka shiga ramin nan. Ka gafarta mini. Yanzu ka faɗa mini yadda kake ji a jikinka, ba zan katse ka ba.”

Mutumin ya faɗa masa duka, da hakin, da bugun zuciyar, da mantuwar, da tsoron da yake ji cewa ba zai ƙara zama mutum mai amfani ba. Yana faɗa yana tsayawa ya huta, hawaye suna zuba. Tun da ciwon ya fara, ba wanda ya taɓa tambayarsa haka sai matarsa.

Washegari maƙwabcin ya ɗaura wa shanunsa amalanke, ya shimfiɗa tabarma a ciki, ya kai shi asibiti. Likita ta saurari ƙirjinsa, ta duba jininsa, ta yi masa tambayoyi da yawa. Sa'an nan ta ce, “Cutar ta fita, amma ta bar saura a jikinka. Mun ga haka a wurin mutane da dama. Ba lalaci ba ne. Ba zan iya faɗa maka ranar da zai wuce ba. Ka riƙa yin kaɗan ka tsaya, ka huta tun kafin ka gaji, ka kuma riƙa dawowa muna duba ka.”

Da suka komo, maƙwabcin ya tafi wurin dattawa ya faɗa musu abin da likita ta ce. Ɗaya daga cikinsu ya ce, “To, rijiyar fa?”

Ya ce, “Ni zan shiga.”

Bai taɓa shiga rami ba, yana kuwa jin tsoronsa ƙwarai. Amma ya ɗaura igiyar a kugunsa, maza suka riƙa karɓa-karɓa a wajen riƙe ta. Suka kafa wa mai haƙar rijiya 'yar rumfa ta zana a bakin ramin, suka ajiye masa kujera. Yana zaune yana faɗa wa maƙwabcinsa yadda zai sare bango ya kewaye daidai don kada ya rufta, in an jawo kwando ya damƙi ƙasar ya murza ya ce a ci gaba. In ya ji jikinsa ya fara nauyi sai ya tashi ya tafi gida, ba mai tambayarsa dalili. Wata rana ba ya fitowa sam, aikin kuma ba ya tsayawa. Mata suka raba kwanaki a tsakaninsu, kowace in ta je ƙorama ta ɗebo wa gidansa tulu ɗaya, don matarsa ta sami zama kusa da shi.

Wata rana mai haƙar rijiya ya tashi da ƙarfi, ya yi murna, ya kama igiya yana jan kwando tare da maza. Suka bar shi, gama su ma sun yi murna. Abin ya kwantar da shi kwana da kwanaki. Ba wanda ya yi masa faɗa. Amma tun daga ranar, in maƙwabcin ya ga ya miƙe zai kama igiya, sai ya ce, “Zauna, Baban Laraba. Muna bukatarka gobe ma.”

Aikin ya daɗe fiye da yadda zai daɗe a hannun mai shi. Amma kafin ruwan farko ya sauka, wata rana da hantsi aka ji maƙwabcin yana ihu daga ƙasa, “Danshi! Ga danshi!” Kafin yamma ruwa ya ɓuɓɓugo a ƙafafunsa. Aka zura ƙwarya aka ɗebo, jajawur da laka, dattawa suka ce a fara miƙa wa mai haƙar rijiya. Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga ido sama ya ce, “Na gode maka, ya Ubangiji, da ka fisshe ni daga ramin nan da rai. Na gode maka da ka ba ni mutanen da suka gaskata ni.” Sa'an nan ya sha.

A shekarar nan ƙarfinsa bai dawo duka ba. A hankali ɗanɗanon abinci ya komo, mantuwar ta ragu. Da wani ranin ya zagayo ya fara shiga ramukan da ba su da zurfi. Wata rana ya iya, wata rana bai iya ba. Amma gidansa bai rasa ruwa ko hatsi ba, bai kuma ƙara jin kunyar cewa ya gaji ba.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa.

Mai haƙar rijiya shi ne ɗan'uwanmu ko 'yar'uwarmu da ciwo ya kama, zazzaɓin ya wuce, muka yi addu'ar godiya a sujada, muka ɗauka magana ta ƙare, alhali a jikinsa ba ta ƙare ba. Suna nan a cikinmu. Wata tana cikin mawaƙa, yanzu ba ta iya tsayawa har a gama waƙa ɗaya. Wani ya daina zuwa aikin gayya, muna cewa ya canza. Wata tana kwana biyu lafiya, rana ta uku ta kasa hura wuta. Ramin shi ne abin da muke tura su ciki da bakinmu sa'ad da muka ce, “Ai ka warke, ka daure mana.” Kunya takan sa mutum ya yi abin da jikinsa ba zai ɗauka ba.

Maƙwabcin kuwa shi ne kowannenmu. Ku lura, ba mugu ba ne ran da ya zo da igiya. Abin da ya rasa shi ne bai tambaya ba. Ran da ya zauna a ƙasa ya saurara, a ranar taimakonsa ya fara. Bai warkar da kowa ba, gama warkarwa ta Ubangiji ce, likita kuma tana da nata aikin da Allah ya ba ta. Abin da ya yi shi ne ya gaskata maganar ɗan'uwansa, ya kai shi asibiti, ya tsaya masa a gaban mutane, ya ɗauke masa aikin da ya fi ƙarfinsa, ya kuma bar masa wanda zai iya, don kada ya ji an yar da shi.

Kai kuma da kake fama da sauran ciwo, ka ji wannan da kyau. Gajiyarka ba rashin bangaskiya ba ce, hutawarka kuma ba zunubi ba ce. Allah bai fara ƙaunarka don ƙarfin hannunka ba, ba zai kuwa daina ba don ƙarfin ya ragu. Ka faɗi gaskiyar jikinka, ka karɓi taimako da godiya.

Ina gode wa Allah domin na ga irin wannan maƙwabci a ikkilisiyar nan. Na ga matan zumunta suna shiga gidan da ba a kira su ba, su yi wanki su daka hatsi su fita shiru. Na ga wanda ya nome gonar wani kafin ya taɓa tasa. Ubangiji ya gani, shi zai sāka muku.

A makon nan, kowa ya tuna da mutum ɗaya da muka riga muka yi wa barka da warkewa. Ka je gidansa. In ka ce, “Yaya jiki?” zai ce maka, “Da sauƙi,” gama haka muka saba. Kada ka tashi. Ka gyara zama, ka sāke tambayarsa.