Ƙarar Fanka Ranar Juma'a

An yi wani mutum a Rafin Guza, mai shagon haɗa bidiyon biki. A bar sunansa, yana da iyali. Shagonsa na kusa da masallacin Juma'a, har sahu kan kawo bakin ƙofarsa.

Mutumin nan ya lura duk mako ba lokacin da ake barinsa ya yi aiki kamar lokacin sallar Juma'a. Ba mai sallama, ba mai cewa a ƙara wa amarya haske. Sai ya ɓullo da dabara. Da an kusa huɗuba sai ya ja ƙofar ƙarfe yana ciki, ya zura hannu ta 'yar kafar jikinta, ya datse kwaɗo ta waje. Duk wanda ya gani zai ce ya tafi masallaci.

Abu ɗaya ya hana shi sakat. A cikin kwamfutarsa akwai katin sarrafa hoto, wanda suke kira girafik, mai fanka a jiki. Da aiki ya yi nauyi sai fankar ta hau kuka kamar injin markaɗe.

Wata Juma'a da yamma maƙwabcinsa Alhassan tela ya leƙo.

"Maigida, aljanun shagonka ba sa zuwa masallaci ne? Muna sujada suna niƙa."

"Mantawa na yi ban kashe ba."

"Mako uku kana mantuwa? Allah ya ƙara lafiya."

Ya 'yan uwa, wannan ba nasiha ba ce? An faɗa masa cikin raha, an rufa masa asiri. Amma bai ji haushin kansa ba. Haushin fanka ya ji.

Ya kwance ta ya goge, ta ci gaba da kuka. Ya roƙi man keke wurin Alhassan ɗin ya ɗiga mata, kwana biyu ta koma gidan jiya. Ya kai wa mai gyara, mai gyara ya ce, "Alhaji, zafi take ji. Ka ba ta iska, ka riƙa hutar da ita." Ya ja tsaki ya kwashi kayansa. Hutun nan ai shi ne ba ya so.

Juma'ar da ta biyo ya soka tsinken sakace a cikin fankar, ta tsaya cak. Ya ɗauko dardumar sallarsa ya lulluɓe kwamfutar. Shiru. Har da murmushinsa.

Liman na raka'ar farko ya ji ƙauri. Wayoyi sun narke, darduma ta kama, labule ya kama. Ya zura hannu yana laluben kwaɗo, mukulli ya suɓuce ya faɗi waje, gaban masu sallah. Ko a nan kunyar mutane yake ji. Ya yi ihu, ko ya jira a sallame? Hayaƙi ne ya yanke masa shawara. Ya hau dukan ƙofa yana salati.

Sahu biyu suka yanke sallarsu saboda shi. Alhassan ya tsinci mukulli ya buɗe, aka jawo shi yana tari a gaban duk unguwa.

Bidiyon biki huɗu ya ƙone. Wa zai sake ɗaura aure don ya ɗauka? Ba wanda ya ƙara kawo masa aiki. A gida matarsa Mardiyya ta ce, "To fararen kayan da nake goge maka duk Juma'a, wa kake sa wa? Kwamfuta?"

Ya 'yan uwa, mutumin nan ya yi mako yana wahalar toshe bakin fanka, alhali rabin awa aka nema a wurinsa. Wanda ya fara laifi, abin da zai tona shi yake yaƙa, ba laifin ba. Mu iyaye, 'ya'yanmu na ƙuryar ɗaki da waɗannan na'urori. Mun taɓa dubawa ko suna cikin sahu, ko ƙofa kawai muke gani a rufe mu kwantar da hankali?

Allah ya tsare mu da zuri'armu daga jin kunyar mutane fiye da kunyarsa. Allah ya kiyaye mu. Amin.