Shekarar da Babu Hotonta a Bango

Akwai wata tambaya da Wiebke ta ji wani baƙo ya yi a zauren taron ƙauyen Harkewarf, ranar da ta je taya matan ƙauye wanke kofuna.

Mutumin yana tsaye gaban hotunan 'yan majalisar jiha da suka wakilci mazaɓar, su shida, duk maza. Ya nuna tsakanin na uku da na huɗu.

"Wannan ya rasu a saba'in da bakwai, wannan ya hau a saba'in da takwas. To wa ya riƙe kujerar a tsakani?"

Mai shara ya ce shi dai tsintsiya aka ba shi, ba tarihi ba.

Wiebke ta san amsar, amma kunya ba ta bari ta ɗago kai ba. Watanta biyar da aure a ƙauyen, kuma duk Laraba takan je ta yi wa wata tsohuwa, Iya Gesine, guga. A can ta taɓa ganin tsohon katin majalisa a cikin durowa. Da na ukun ya rasu, Gesine ce ke biye a jerin sunayen jam'iyya, ita ta ƙarasa masa wata goma sha huɗu. A ƙa'idar zauren kuwa, sai wanda ya ci da ƙuri'a ake rataya hotonsa.

A lokacin ne Ubbo, yayan mijinta Onno, ke neman tikitin jam'iyya. Shekara ashirin ya yi a birnin Hannover kafin ya dawo gida, tarihin mazaɓar kuma daga bangon nan ya haddace shi. Mutum ne mai ƙwazo, bai dai iya sauraro ba.

Al'ada ce ɗan takara ya bi gidajen tsofaffin 'yan jam'iyya ya sha shayi kafin ranar fidda gwani. Kofi uku ake sha. Sai bayan na ukun baƙo ke saka cokali a kofi, alamar ya ƙoshi.

Ranar Laraba Ubbo ya ce wa Wiebke ta shigo mota ya rage mata hanya, tunda gidan tsohuwar na cikin jerinsa.

A hanya ta yi ta juya maganar a baki. Da ƙyar ta ce, "Yaya Ubbo, ita Iya Gesine fa..."

"Na sani, amarya. Ba ta ji sosai, kuma tana da surutu. Minti goma na ba ta."

"Ba haka nake nufi ba, a da can ita ce..."

Ya yi dariya. "Yaushe aka kawo ki garin har kika fara ba ni lacca? Ki bar wa Onno wannan, shi ya ga zai iya."

Suka iso gidan tsohuwar.

Iya Gesine ta fito da kofunanta masu zanen fure, waɗanda Wiebke ba ta taɓa ganin an taɓa ba. Ta saka dunƙulen sukari, ta zuba shayi, ta ɗiga madara.

"To Ubbo, ɗan gidan Freese, me za ka yi mana game da motar hayar da ke kai yara makaranta? An ce za a cire ta."

"Iya, abin ba kamar yadda kuke gani daga kicin ba ne. A majalisa akwai abin da ake kira kwamiti."

"Kwamiti," in ji tsohuwar. "Ikon Allah."

Ya yi mata bayanin kwamiti tiryan-tiryan, da ƙarfi, kamar mai magana da yaro. Ya shanye kofin farko, ya jefa cokali a ciki, ya duba agogo.

"Ko na biyu ba za ka sha ba?"

"Akwai manyan da ke jira na, Iya."

Da ya fita, tsohuwar ta daɗe tana kallon kofin. Sannan ta ce wa Wiebke, "Zauna, 'yata. Mu biyu ma shanye."

Ranar Asabar, ranar fidda gwani, zaure ya cika. Ubbo ya yi jawabi mai daɗi, ya lissafo mazan shida da sunayensu, ya ce shi ne zai zama na bakwai.

Wani tsoho ya ɗaga murya daga baya. "Na takwas dai, yaro! Motar da ta kai ka makaranta kana da majina a hanci, wa ya samo ta?"

Aka kwashe da dariya. Tsofaffi suka juya suna kallon Iya Gesine. Ita kuwa tana zaune, hannuwanta na kan jakarta.

Ubbo ya faɗi da tazarar ƙuri'a huɗu.

A gida ya yi ta faɗa, wai tsohuwar ta ƙulla masa tun farko, ko kofi goma ya sha ba za ta so shi ba. Onno na taya shi.

Laraba ta zagayo, Wiebke na zazzage aljihun rigar sanyin tsohuwar kafin wanki, sai ga takarda a ninke. Rubutun hannu ne mai rawa, da kwanan watan ranar da Ubbo ya zo shan shayi. Jawabi ne gajere da ta shirya karantawa a zaure: yaron yana da kai, a ba shi dama, ni na tsaya masa.

Iya Gesine ta miƙo hannu. "Kawo. Da safe na rubuta, kafin ya zo."

Ta buɗe murhu ta jefa ta ciki.

Wiebke ta koma gida a ƙafa, ta bakin madatsar teku. In ta faɗa wa Ubbo, ciwon zai ninku. In ta faɗa wa Onno, kafin yamma ya kai wa yayansa. Tana isa ƙofar gida ta yanke shawara: wannan maganar ba mai jin ta daga bakinta.

Darasi: Kada ka auna mutum da ko hotonsa na bango. Wanda ka raina ka ƙi saurara, wataƙila alherinka ne a aljihunsa, kuma ba lallai ka taɓa sanin abin da ka rasa ba. Ku tura wa wanda kuka san yana yawan katse mutane kafin su gama magana.