Tabawa Ta Tafi Kamo Miji

Ga ta nan, ku matso, ni ba na maimaitawa.

Wani bawa, Dangana, ya tsere daga rinjin bayi na ubangijinsa Jatau. Jatau ya kira matar Dangana, Tabawa.

"Ki kamo min mijinki, ko in sayar da 'yarku Lantana."

"To, ranka ya daɗe. Amma shi yana gudu ƙafa sake, ni ga mari a ƙafata."

"A kwance mata!"

"Kuma ƙato ne. Ni kaɗai zan ɗaure shi?"

"Ɗauki bayina maza huɗun nan."

"Da mari?"

"A kwance musu, kina ɓata min lokaci!"

"Saura abu ɗaya. Yana hango maza zai ɓuya. Muryar Lantana ce kawai za ta fito da shi."

Jatau ya yi dariya. "Kai, baiwar nan akwai mugunta! Tafi da ita. Kuma kada in ga ƙeyarki a garin nan sai da shi."

Tabawa ta durƙusa. "Wallahi, ranka ya daɗe, wannan umarnin zan bi shi har in mutu."

Ta kuwa cika alkawari. Da damina ta faɗi, an ga Jatau a gona yana tambayar maƙwabta yadda ake riƙe fartanya.

Ƙurunƙus, ku ba ni hanya.