Jirgin Mushe Mala da Turaren Maimuna

Akwai wani malamin lise, wato sakandare, a Zinder, Mushe Mala, wanda da ya ajiye aiki ya ƙudura sai ya kawo wa garin abin da bai taɓa samu ba: jirgin ƙasa. Ƙarami dai, wanda ake tayarwa da pil, wato batir.

Ya shimfiɗa katako a ɗakin baƙi, ya jera dogo, ya bi ƙarƙashi da wayoyi ja da baƙa. Tasha ɗaya ya sa mata Zinder, ɗaya Gidimuni, har da tafkin madubi. Tsakaninsu ya yi kogo da gwangwanin madara.

Matarsa Maimuna ta ba shi aron ɗakin zuwa Sallah. In jirgi na tashi ran Sallah, ya zauna. In bai tashi ba, kaya su koma zaure wajen tumaki. Shi ma ya kafa tasa doka: kada tsumman goge-gogenta ya kusanci dogon, harkar lantarki ce.

Sati biyu jirgi na gudu. Daga nan ya fara tafiya irin ta mai ciwon gwiwa, sannan ya tsaya.

Mushe ya sake pil. Ya kwance wayoyi ya mayar sau uku. Ya zargi mai shago, ya zargi zafin gari. Kansa ne kawai bai samu lokacin zargi ba.

Saura kwana biyu Sallah, ya lura da wani abu. In ya tura jirgin cikin gwangwanin sai ya zabura, da ya fito sai ya mutu. Waya ɗaya, wuta ɗaya. To me ke cikin kogon da babu a waje?

Ya yini yana kallo. Da la'asar ya haɗiye abin haɗiyewa, ya kira matarsa.

Maimuna ta ja yatsa a kan dogon, ta nuna masa baƙin maiƙon da ke hana wuta isa jirgin. Ta ce hayaƙin turaren wuta ne, wanda take zagaya ɗakuna da shi kowace safiya kamar yadda uwarta ta yi. Yana kwanciya a kan madubi da kwanuka, shi ya sa ake gogewa. Cikin gwangwani ne bai kai ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ya fara ɗingishi, Malam. Amma an ce harkar lantarki ce."

Ta san da ta yi shiru kwana biyu, ɗaki nata ne. Duk da haka ta ɗauko tsumman, ta bi dogon tun daga Zinder har Gidimuni. Jirgi ya tashi, ya zagayo, ya sake zagayowa.

"Ɗaki ya zama naka," in ji ta. Ta miƙa masa tsumman. "Turare kuwa ba zan bari ba. Kullum da safe."

Darasi: Kafin ka hana mutum taɓa aikinka, tambayi abin da hannunsa ya sani. Ku tura wa wanda kuka san yana can yana kwance wayoyi karo na huɗu.